Laouali, Jikan Nomau Mai Jimina

Shekara tara na yi ɗaki ɗaya da Laouali a unguwar Gubaira da ke Riyad, a saman wani shagon walda, kuma ban tuna Juma'ar da ta wuce bai ambaci kakan kakansa Nomau ba. Mu shida ne a gidan, ɗakuna biyu da ɗan kicin. Ni sunana Zayyanu, daga Gusau, ina tuƙa wayit, wato tankar dakon ruwa. Shi Laouali mutumin ƙasar Damagaram ne, daga wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa a kan hanyar Tanut. Gajere ne kakkaura, ga sanƙo tun yana da shekara talatin, irin wanda in rana ta sauka a kai sai ka ɗan kare ido. Faci yake yi a wani banshar, wato shagon gyaran taya, da ke bakin babban titi. Kafilinmu, wato ubangidan da muke aiki a ƙarƙashinsa, ɗaya ne da shi, wani dattijo mai suna Abu Mish'al, wanda ya mallaki banshar ɗin da tankoki biyu.

Ina so a fara sanin cewa Laouali ba maƙaryaci ba ne. In ka kawo masa tayar da ta mutu zai ce maka ta mutu, ko da zai iya liƙa mata wani abu ka tafi ka dawo gobe. Ba ya wasa da salla, ba ya shiga faɗan kowa, kuma duk wata sai ya yi wa matarsa Mariamou da 'ya'yansu huɗu aike. Abu ɗaya ne in aka taɓo bakinsa ba shi da birki, shi ne zancen Nomau.

Yakan fara ne bayan mun dawo masallaci mun share farantin kabsa, dafa-dukar shinkafar Larabawa, an ɗora shayi. Nomau, in ji shi, manomin gero ne tun kafin zuwan Turawa, lokacin da ayarin raƙuma ke tashi daga Zinder har Tarabulus. Wata shekara da kaka ya je gona ya tarar da ƙaton namijin jimina tsaye cikin geronsa yana ci zangarniya-zangarniya kamar gonar ubansa. Nomau ya ajiye hauya, ya gyara ɗaurin warki, ya caɓe wuyan tsuntsun. Suka yi ta kokawa tun hantsi har azahar. Da tsuntsun ya ga babu mafita sai ya durƙusa, Nomau ya haye bayansa ya sukwane shi har ƙofar gida. Aka sa masa suna Baƙo.

A zamanin nan gashin jimina kaya ne mai daraja, Larabawan Tarabulus na saye su kai can inda matan Turawa ke soka shi a hula. Duk shekara Nomau ya fige Baƙo da hannunsa, fatake su zo har gida suna roƙo. Ya sayi doki da alkyabba, matarsa Sabuwa ta cika ɗaki da tasoshin jan ƙarfe, ya jera rumbuna a bayan gida. Rumbunan nan kuwa ƙaruwa suke yi. Shekarar da na fara saninsa huɗu ne, kafin korona ta wuce sun kai bakwai. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa: har gobe duk jiminar da ta shaƙi warin jinin gidansu sai ta sunkuyar da kai. In wani ya tambaye shi ina dukiyar ta shiga, sai ya ce Turawa ne suka ɓata kasuwa, ya miƙa kofi a ƙara masa shayi.

Wata ƙaramar Salla muka je gidan namun daji na Malaz mu duka. Da muka doshi wajen jiminu sai Laouali ya toge can nesa wajen mai sayar da ruwa. Ya ce ba ya son ya jawo wa hukuma ɓarna, don in suka ji warinsa shingen za su karya su biyo shi. A hanyar komowa ya faɗa mini a hankali cewa jimina ta ƙare a dajinsu tun kafin a haifi mahaifinsa, shi bai taɓa ganinta ba sai a littafin lakwal, wato makarantar boko.

Bara waccan Abu Mish'al ya gaji da zaman gari ya sayi 'yar gona a kan hanyar Kharj, irin wadda suke kira mazra'a, mai bishiyoyin dabino kamar arba'in da ɗakin hutawa. Yana da wani aboki da ke kiwon barewa a tasa gonar, kullum yana cika masa kunne da ita. Ranar da Abu Mish'al ya je kasuwar dabbobi sayen awaki sai ya dawo da jiminu biyu, mace da namiji, babu akuya ko ɗaya. Mutumin da ke kula da gonar ya yi kwana uku da su ya ce a mayar da shi ƙasarsu. Garin gudu kuma ya bar ƙofar shingensu a buɗe, suka zama masu gonar.

Ni ke kai ruwan sha can, don na rijiyar gishiri gare shi. Rannan na shiga na tarar da Abu Mish'al zaune cikin motarsa gilashi a rufe, tsuntsayen na zagaya shi. Ya sauke gilashin kamar faɗin yatsa biyu ya tambaye ni ko a Afirka akwai wanda ya san kan waɗannan halittu. Bakina ya riga tunanina. Na ce ai ba sai an je Afirka ba, a ɗakinmu ma akwai wanda ya gaje su kaka da kakanni.

Washegari Abu Mish'al ya je banshar. A Larabci jiminu su ne na'am, kusan yadda muke amsa kira. Larabcin Laouali kuwa na taya ne: iska, faci, sabuwa, tsohuwa, dawo gobe. Ga injin iska na ruri a bayansa. Abu Mish'al ya kira sunansa, ya amsa da na'am.

"Ta'arif na'am?" in ji dattijon, wato ka san jiminu?

Laouali ƙarshen kawai ya ji, ya ce, "Na'am."

Don ya tabbatar, Abu Mish'al ya miƙe wuya ya buɗe hannuwa yana kaɗawa. "Na'am, na'am?"

Laouali ya ɗauka ciwon kafaɗa ne ke damun tsohon. Cikin tausayi ya ce, "Na'am, ya ammi," wato e, baffa.

Abu Mish'al ya ce kalas, magana ta ƙare, Laouali ya haɗa kayansa, gobe Zayyanu zai kai shi gona.

Da la'asar na fassara masa abin da ya amsa, a gaban sauran 'yan ɗakinmu huɗu. Su kuwa murna suka hau yi masa, suna cewa Allah ya mayar da sana'a gidanta. Babu yadda zai yi ya janye a gabansu. Sai da suka fita ya dube ni ya tambaye ni me ya taɓa yi mini. Na ce ni abin da na ji daga bakinsa na maimaita.

Ya ce, "Zayyanu, ai labarin Juma'a ne. Wa ya ce ka kai shi ranar aiki?"

Da hantsi muka isa. Tsakiyar zafi ne, ƙasa na hayaƙi. Abin da ake so Laouali ya yi ba shi da yawa: ya ba su abinci, ya mayar da su shinge. Ya sauka da bokitin hatsi da hularsa a kai yana karanta duk addu'ar da ya sani. Ni na zauna a mota na kulle ƙofa, don wani ya kamata ya rage ya ba da labari.

Namijin ne ya fara fitowa daga cikin dabino, baƙi wuluk, wuyansa ja, ya fi ƙofar ɗaki tsawo. Macen na biye da shi. A nan Laouali ya yi abin da ya ba ni tausayi: ashe shi ma a ransa ya ɗan yarda da labarin. Ya ajiye bokiti, ya rufe ido, ya miƙa hannu don tsuntsun ya shaƙi warin jinin gidansu. Tsuntsun bai ko kalli hannun ba. Ya zare hular, ya gwada haɗiyewa ta ƙi, ya yar. Sai ya ga sanƙo yana ƙyalli. Sara ɗaya ya kai masa, amma har cikin mota na ji ƙarar, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa. Macen kuma ta zare ma'aunin iskar taya daga aljihun rigarsa ta haɗiye, ina kallon shi yana gangarawa a wuyanta.

Ban taɓa sanin Laouali na da gudu ba. Kafin in ƙifta ido ya haye tsanin bayan mota yana saman tanki. Tsuntsayen suka tsaya, ɗaya dama ɗaya hagu, suna jira. Ba na iya jan mota don kada ya faɗo, shi kuma ba ya iya zama don ƙarfen ya yi zafi, sai tsuguno. A tsugunen nan ya ciro waya ya kira Goggo Ikilima a Zinder, yayar mahaifinsa, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, wadda ita ce babba a danginsu yanzu. Ya buɗe muryar wayar don hannunsa ɗaya na riƙe da ƙarfe, ni kuma na sauke gilashi, shi ya sa na ji komai.

Sai da suka gaisa tsaf, ta tambayi aiki da zafi da mutanen ɗaki, sannan ya gaya mata inda yake da abin da ya hau da shi. Ya roƙe ta ta faɗa masa asirin da Nomau ya yi amfani da shi. Tsohuwar nan ta yi dariya har sai da ta nemi ruwa.

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka Nomau ya taɓa kama jimina?"

Ya ce Baba ne.

"Ubanka a bakin ubanmu ya ji, ubanmu a bakin Barmo. Ni kuwa na zauna da Barmo lokacin da ya tsufa ya daina jin kunyar kowa. Gyara zama ka ji."

Babu wurin gyara zama, amma ya saurara. Barmo shi ne autan Nomau, kakan ita Goggo. Ga abin da ya gaya mata.

Nomau bai yi kokawa da komai ba. Ƙaya ya je sara a daji don shingen gona, ya tsinci ƙwai guda ƙato, ya naɗo shi a riga ya kawo wa Sabuwa ta dafa. Babu tukunyar da zai shiga. Ta binne shi cikin rairayi a bayan murhu kafin ta aro babba a maƙwabta. Maƙwabciyar ta ce sai ta faɗi abin da za ta dafa, Sabuwa kuma ba ta son rabawa, aka yi ta ja-in-ja kwana da kwanaki. Ashe ƙwan ya kusa ƙyanƙyashewa. Wata safiya ta zo hura wuta ta tarar da wani abu mai dogon wuya yana kallonta. Tun daga ranar ya bi ta, rijiya, wajen daka, ko'ina. Nomau ne ya sa masa Baƙo, don a cewarsa ba daɗewa zai yi ba, yana yin nama za a yanka.

Da Baƙo ya girma sai ya yanke hukuncin cewa shi ne mai gidan, Nomau kuma ɓarawo ne da ke yawan zuwa. Shekara goma sha ɗaya Nomau bai shiga gidansa ta ƙofa ba. Ta dangar baya yake haurawa, kuma a kan rumbu yake cin tuwo, Sabuwa na miƙa masa da dogon icce. Zancen hawa kuwa ya faru, amma ba yadda ake faɗa ba. Daga kan rumbun ya zame ya faɗa bayan Baƙo, tsuntsun ya zabura da shi ya ratsa tsakiyar gari, ya wuce dattawa a gindin aduwa, ya je ya zubar da shi a tafki. Ihun da yake yi mutane daga nesa suka ɗauka kirari ne.

Fige gashi kuma aikin Sabuwa ne. Tsohon zaninta take jefa masa a kai, da zarar ya daina gani sai ya tsaya cik kamar jaki, ta figi abin da za ta figa tana 'yar waƙarta. Nomau ya sa alkyabba ya kai wa fatake can bakin gari, don babu baƙon da ke iya matsowa gidan. Arziki dai an yi shi, Goggo ba ta musa ba. Tasoshi gaskiya ne, alkyabba gaskiya ce. Doki ma gaskiya ne, sai dai sau ɗaya ya haɗa ido da Baƙo ya ƙi sake shiga gidan, dole aka ajiye shi wurin maƙwabci, shi ya yi ta hawansa har ya mutu. Rumbu kuwa biyu ne, ɗaya ma na wake.

Daga kan tanki Laouali ya ce, "Biyu, Goggo?" Ta ce biyu, kuma ɗayan yana yoyo.

Sannu a hankali fatake suka daina tambayar gashi, hanyar Tarabulus ma ta fara mutuwa. Baƙo bai san da wannan ba, cinsa bai ragu ba. Ya ci gero, ya ci wake, ya haɗiye tsakiyar wuyan Sabuwa da allurar ɗinkin ƙwarya da carbin wani malami da ya zo wucewa. Tasoshin nan ɗaya bayan ɗaya suka koma hatsi suka shige cikinsa. Nomau ya yi ta aiko wa matarsa magana daga kan rumbu cewa a yanka, ta ƙi. Ranar da ya rasu ma Baƙo ya tsare ƙofa, sai ta dangar baya aka fitar da shi. Ita kuma da ciwon ajali ya kama ta, ta tara 'ya'yanta uku ta sa suka rantse ba za su yanka shi ba, ba za su sayar ba.

Wajen rabon gado ba a yi gardama kan gona ba, ba a yi kan jaki ba. Kan Baƙo aka kwana uku, kowa na rantsuwa ɗan'uwansa ya fi shi cancanta. Babban ya ce zai je Tanut gaida surukai, bai dawo ba. Na tsakiya ya bi fatake Kano, daga gare shi danginsu na Najeriya suka fito. Barmo ƙafarsa ɗaya ba ta da ƙarfi, bai iya gudu ba, shi ya gaji tsuntsu. Babu wanda zai ba da 'yarsa gidan da Baƙo yake, don haka Barmo ya tafi wani gari mai nisa neman aure, a can ya ƙirƙiro labarin kokawar don ya samu shiga. Ya kuwa samu. Da amarya ta zo ta ga abin da idonta, ta riga ta zo.

Baƙo ya kai kusan shekara arba'in, har ido ɗaya ya mutu. Sai aka yi wata shekarar yunwa, ruwa ya ƙi zuwa, mutane suka koma cin ganye da tonon gidan tururuwa. Dattawa da liman suka zo wa Barmo suka ce rantsuwa tana da kaffara, amma yaran gari ba su da wani abin. Barmo da kansa ya jefa masa zanin a kai, ya fita ya bar su. Duk Tudun Aduwa aka ci naman nan kwanaki, shi bai taɓa ba. Goggo ta ce duk lokacin da ya kawo nan a labarin sai ya ce a ba shi goro.

Sai Laouali ya ce, "To Goggo, ni yanzu yaya zan yi?"

Ta ce, "Kai ba jikan Nomau kaɗai ba ne, jikan Sabuwa ne ma. Nemi zani."

Babu zani a gonar Abu Mish'al. Akwai dai wani buhun shinkafa da nake shimfiɗawa a ƙasan mota, na miƙa masa ta taga. Sa'ar da aka yi, a saman tanki ya fi tsuntsayen tsawo. Ya jira macen ta miƙo wuya ya zura mata buhun. Nan take ta tsaya kamar an zare mata batir. Na namijin kuwa rigarsa ya cire ya jefa, sau uku yana kuskure kafin ta zauna. Ya sauko da singileti, ya riƙa tura su ta baya ɗaya bayan ɗaya kamar motar da ta mutu, ni ina nuna masa hanya ta taga, har cikin shinge. Ya kulle ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya sha ruwa kusan rabin jarka.

Haka ya zauna a gonar. Wani maƙwabcinmu mai aikin gini ya ba shi hular kwano. Ya koyi abin da suke ci da lokacin da suke fushi, ya gane cewa gaba suke harbi ba baya ba, wannan kuwa da cinyarsa ya gane. Duk abin da ya shige masa duhu sai ya aika wa Goggo saƙon murya, ita ma da ba ta taɓa kiwon jimina ba ta ba shi amsa da ƙarfin gwiwa.

Da sanyi ya fara shigowa sai namijin ya sake hali. Laouali na shiga shinge sai tsuntsun ya zube a gabansa bisa gwiwoyi, ya baza fukafukai, ya riƙa kaɗa wuya dama da hagu yana buga kai a bayansa. Ran farko Laouali gudu ya yi. Rana ta biyu ya tsaya ya ga ba a sare shi ba. Ana cikin haka Abu Mish'al ya gayyato abokansa cin abinci, har da mai barewar nan. Suka zo bakin shinge daidai lokacin da tsuntsu mai tsawon ƙofa ke durƙushe a gaban gajeren mutum mai hular kwano. Abu Mish'al ya tambayi abokin nasa ko barewarsa ta taɓa durƙusa wa wani. Sannan ya cire wa Laouali hular ya sumbaci sanƙonsa a gaban kowa. Aka ɗauki bidiyo, ya zaga wayoyin mutanenmu daga Gubaira har Ulaisha.

Juma'ar da ta biyo baya ya zo mana ziyara da sabuwar jallabiya. Bayan kabsa aka roƙe shi labarin Nomau, ya bayar, rumbuna suka kai goma sha biyu. Da ya zo wurin rumbunan ya saci kallona. Ni dai na ci gaba da shan shayina.

Matsalar ita ce Abu Mish'al 'ya'ya yake so. Macen na yin ƙwai, amma ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Ya ɗauko wani likitan dabbobi ɗan Sudan, dogo mai fara'a. Likita ya tsaya ya kalli yadda Laouali ke shiga da yadda tsuntsun ke zubewa, ya kalli macen can gefe ita kaɗai tana tsintar tsakuwa. Sai ya kama shinge yana dariya. Ya ce wannan ba gaisuwa ba ce, neman aure ne. Tunda Laouali ke ba shi abinci, shi ya zaɓa, matar tasa kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Ni na fassara wa Laouali, kuma na yi iya ƙoƙarina in tausasa maganar, amma ba ta tausasuwa. Ya roƙe ni kada Mariamou ta ji, kada kuma 'yan ɗaki su ji. Mariamou dai ba ta ji daga bakina ba.

Likita ya ce magani ɗaya ne, kada tsuntsun ya sake ganin Laouali sai an samu abin da ake nema. To amma babu wanda ya yarda ya shiga shingen in ba shi ba. Abu Mish'al ne ya kawo dabara: kwalin sabon firjin da ya saya. Aka huda masa ramuka biyu na ido da biyu na hannu. Wata uku Laouali na aiki a cikin kwali. In na shigo da ruwa sai in hango firji na tafiya tsakanin dabino riƙe da bokiti, ya tsaya ya ɗaga mini hannu. Namijin ya harbi kwalin sau ɗaya, ya yi kwanaki yana leƙen ƙofa yana wani gurnani, daga baya ya haƙura ya waiwayi matarsa.

Ranar da aka cire kwalin Laouali ya shiga a matsayinsa na mutum, tsuntsun ya ci hatsinsa ya yi gaba. Da muka zauna a inuwa Laouali ya ce mini, "Ko kallona bai yi ba, Zayyanu." Na ce ai abin da ake so ke nan. Ya ce ya sani.

'Ya'ya bakwai aka ƙyanƙyashe a wannan karon. Cikin murna Abu Mish'al ya ba mu sabon ƙwai guda kyauta, muka kawo shi Gubaira a kujerar gaba, ɗaure da bel. Cokali ya kasa, wuƙa ta kasa, sai da aka aro injin huda ƙarfe a shagon walda na ƙasa aka yi masa rami, don Laouali ya ce ɓawon nasa ne, kada a fasa. Muka juye shi a tukunyar kabsa da albasa da tumatir da barkono. Mu shida da masu walda uku muka ci da gurasar tamis mai zafi. Ɗanɗanonsa kamar na kaza, sai dai nauyi, don ranar babu wanda ya nemi wani abinci.

Da ya samu hutu ya tafi da ɓawon gida, naɗe cikin tawul a kan cinyarsa, daga Riyad zuwa Yamai, daga Yamai a mota har Zinder, ya damƙa wa Goggo. Mazan Tudun Aduwa suka aiko a ba su su ɗora a kan masallaci don ado, kamar yadda ake yi a da. Goggo Ikilima ta ce su je su nemo nasu, ta sa shi a kabad ɗinta mai gilashi tsakanin farantai.

Bayan wata biyu ya dawo. Yanzu an sake masa sana'a a iƙama, wato katin izinin zama, daga mai faci zuwa makiyayi, kuma tsuntsayen sun kai goma sha tara. A gonar yake kwana, Gubaira sai Juma'a bayan Juma'a, gadonsa kuma wani mutumin Tasawa mai minshari ya gaje shi. Makon jiya da na kai ruwa na same shi a gindin dabino da reza a hannu yana cire maɓallan sabuwar riga ɗaya bayan ɗaya, don ƙananan tsuntsayen sun fara kai masa ƙirji, kuma duk abin da ke ƙyalli sai sun sara. Ya ce in zan dawo in taho masa da ganyen shayi da maɓallai baƙaƙe marasa ƙyalli, in an samu a kasuwar Batha.